Fam Miliyan 13 a Kan Yarinya Ɗaya: Wa Ke Auna Kuɗin Neman Ɗan da Ya Ɓata?

Duk wanda ya taɓa zama a gidan da yaro ya ɓata ya san zaman ya fi na makoki nauyi. Mamaci an yi masa sutura, an raka shi makwancinsa, an karɓi gaisuwa, sannu a hankali zuciya ta dangana. Ɗan da ya ɓata kuwa ba a karɓar ta'aziyyarsa, ba a kuma daina sauraren motsin ƙofa. Mun san labarin Annabi Yakubu, yadda baƙin cikin rabuwa da Yusufu ya tafi da ganinsa alhali bai yanke ƙauna ba. Saboda haka maganar kuɗi a irin wannan wuri nauyi gare ta a baki. Wa zai dubi idon uwa ya ce mata abin da aka kashe wajen neman ɗanta ya isa haka?

Amma dole wani ya yi lissafin. 'Yan sanda ƙidayayyu ne, albashinsu harajin jama'a ne, kuma duk jami'in da aka ajiye a kan wannan fayil, daga kan wancan aka ɗauke shi. Babu binciken da ya fito da wannan magana fili kamar na Madeleine McCann, yarinyar nan 'yar Ingila da ta ɓata a ƙasar Fotugal, wadda gwamnatin Birtaniya ta kashe sama da fam miliyan 13 wajen nemanta, ba a gan ta ba, ba a kuma gurfanar da kowa gaban kotu a kan ɓatanta ba.

Ranar 3 ga Mayu, 2007 ne, saura kwana tara ta cika shekara huɗu. Iyayenta, Kate da Gerry McCann, dukkansu likitoci daga yankin Leicestershire, suna hutu a Praia da Luz, wani ƙaramin gari a gaɓar teku a kudancin Fotugal. Sun kwantar da ita da ƙannenta tagwaye a ɗakin da suka kama a ƙasan bene, suka tafi cin abincin dare da abokansu bakwai a cikin harabar masaukin, suna leƙowa lokaci-lokaci. Da misalin ƙarfe 10 na dare uwar ta leƙa ta tarar da gado wayam.

Abin da ya faru a sa'o'in da suka biyo baya shi ne tushen duk wata asara da aka yi daga baya, don haka ya kamata a tsaya a kansa. Jandarmomin yankin ne suka fara zuwa, 'yan sandan ciki daga garin Portimão suka biyo bayan tsakar dare. Ba a killace ɗakin yadda ya kamata ba. Mutane kusan ashirin sun shiga sun fita, kowa da kyakkyawar niyya, kowa yana tattake abin da zai iya zama shaida. An ɗauki sa'o'i kafin a ba jami'an kan iyaka da na ruwa siffar yarinyar, alhali iyakar Sifaniya tafiyar da ba ta kai awa biyu ba ce a mota, kuma babu shingen duba fasfo tsakanin ƙasashen biyu. Ba a bi gida-gida a daren ba. Sai bayan kwana biyar hukumar 'yan sandan duniya ta Interpol ta fitar da sanarwa. Daga baya har an ba wasu baƙi hayar ɗakin kafin a dawo a rufe shi don zurfafa bincike a watan Agusta. Masana wannan aiki sun haɗu a kan cewa idan sace yaro aka yi, sa'o'in farko su ne komai: sawu bai goge ba, shaidu ba su watse ba, abin da ido ya gani bai gauraya da abin da kunne ya ji a talabijin ba. A gari na masu yawon buɗe ido abin ya fi tsanani, domin cikin mako guda yawancin waɗanda suka kwana a wurin sun koma ƙasashensu.

Birtaniya ma ba ta fita da hannu mai tsabta ba. Hukumominta sun yi ca a kan lamarin: 'yan sandan Leicestershire, da cibiyar kare yara daga masu lalata da su, da hukumar yaƙi da manyan laifuka, da wasu, kowacce tana miƙa wa Fotugal shawara ta ƙofarta. Jim Gamble, shugaban cibiyar kare yaran, wanda gwamnati ta sa ya duba yadda abin ya gudana, ya kammala rahotonsa a 2010, inda ya nuna cewa wannan cunkoso ya jawo ruɗani da jin haushi a wajen jami'an Fotugal. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Yawan jami'ai ba tare da shugaba ɗaya da za a riƙe ba, shi ma wani irin ƙarancin ma'aikata ne.

Daga nan bincike ya karkata. An fara da wani Baturen Ingila mazaunin garin, wanda aka ayyana a matsayin abin zargi kwana goma sha ɗaya ko sha biyu da ɓatan yarinyar. A watan Satumba, bayan karnuka biyu masu sansano gawa da jini da aka kawo daga Birtaniya sun yi alama a ɗakin da kuma motar hayar iyayen, sai aka ayyana Kate da Gerry su ma a matsayin arguido, wato waɗanda ake zargi a hukumance a dokar Fotugal. Gwajin ƙwayoyin halitta da aka yi a Birmingham bai tabbatar da komai ba. A watan Oktoba aka cire Gonçalo Amaral, jami'in da ke jagorantar binciken, bayan ya soki 'yan sandan Birtaniya a jarida. A watan Yuli na 2008 babban mai gabatar da ƙara na Fotugal ya ajiye fayil ɗin, ya janye zargi daga kan mutanen uku don rashin shaida. Jaridun kamfanin Express sun biya iyayen diyyar fam 550,000 tare da neman gafara a shafin farko. Mutumin da aka fara zargi ya karɓi fam 600,000 daga jaridu. Abin lura shi ne, jaridu sun biya kuɗin ɓata suna cikin kusan shekara guda, amma sai a 2023, bayan shekara goma sha shida, aka ji labarin cewa manyan jami'an 'yan sandan Fotugal sun je Landan sun ba iyayen haƙuri a kan yadda aka tafiyar da binciken.

Daga 2008 zuwa 2011 babu wata rundunar 'yan sanda a duniya da ke neman Madeleine gadan-gadan. Iyayen suna hayar masu bincike masu zaman kansu da kuɗin asusun da jama'a suka tara. A watan Mayu na 2011 jaridar The Sun, wadda ke buga sassan littafin Kate McCann, ta wallafa buɗaɗɗiyar wasiƙar iyayen zuwa ga Firaminista David Cameron. Kafin a ce kwabo, Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ƙarƙashin Theresa May ta nemi rundunar 'yan sandan birnin Landan, wadda aka fi sani da Scotland Yard, ta sake duba lamarin, ta kuma ce ita za ta biya. Haka aka haifi aikin da aka sa wa suna Operation Grange.

A nan tambayar farko ta alhaki take. A tsarin Birtaniya ana alfahari da cewa ɗan siyasa ba ya gaya wa ɗan sanda laifin da zai bincika. Lord Harris, wanda a lokacin yana cikin hukumar da ke kula da 'yan sandan Landan, ya fito fili ya ce an taka wannan ƙa'ida. A shekarar da ta biyo baya, a gaban kwamitin Leveson mai binciken ɗabi'un jaridu, an tambayi Rebekah Brooks, tsohuwar shugabar kamfanin da ya mallaki The Sun, ko ta matsa wa gwamnati lamba da barazana. Ta musanta barazanar, amma ba ta ɓoye cewa jaridar ta yi fafutukar a sake buɗe binciken ba. Ni ban ga laifin iyayen ba ko kaɗan. Wanda 'yarsa ta ɓata zai ƙwanƙwasa duk ƙofar da ya samu, kuma da ni ne abin da zan yi ke nan. Laifin na tsarin ne da ya bar ƙofa ɗaya tak a buɗe, ƙofar da sai mai jarida a bayansa ke iya kaiwa gare ta. Wanda yake da uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, mun sani. Amma ba da wannan ma'auni ya kamata a raba 'yan sanda ba.

An zuba ma'aikata. A ganiyar aikin tawagar ta haura mutum talatin, 'yan sandan ciki da ma'aikatan ofis, ƙarƙashin Andy Redwood, daga baya Nicola Wall. A watan Yuli na 2013 aka ɗaga aikin daga bita zuwa cikakken bincike, Fotugal ma ta sake buɗe nata a watan Oktoba. A watan Yuni na 2014 aka yi tono a wasu filaye a Praia da Luz, ba a sami komai ba. Da aka zo rage tawagar a watan Oktoba na 2015, daga jami'ai 29 zuwa huɗu, rundunar ta bayyana abin da ta yi: ta tattara takardu sama da 40,000, da yawa sai da aka fassara su daga harshen Fotugal, ta ɗauki bayanan shaidu 1,338, ta tara kayan shaida 1,027, ta duba rahotanni 8,685 na waɗanda suka ce sun ga yarinyar, ta binciki mutum 60 da ake da alamar tambaya a kansu, ta kuma auna masu laifin lalata 650. Kuɗin a lokacin ya haura fam miliyan 10.

Waɗannan alƙaluma suna nuna gumi, ba su nuna sakamako ba, kuma sau da yawa hukuma kan miƙo na farko idan an tambaye ta na biyu. Duk da haka zalunci ne a ce kuɗin bai sayi komai ba. Shekara shida ana neman wani mutum da ɗaya daga cikin abokan iyayen ta gani ɗauke da yarinya da misalin ƙarfe 9:15 na daren, ana ɗaukar shi ne ɓarawon. A 2013 tawagar Grange ta nuna cewa kusan tabbas wani baƙo ne ɗan Birtaniya da ya ɗauko 'yarsa daga wurin renon yara na dare. Wannan ya sauya lissafin lokaci gaba ɗaya, ya mai da hankali kan wani mutumin da wasu 'yan Ailan suka gani wajen ƙarfe 10. Gyara ne mai muhimmanci. Amma gyara ne na abin da 'yan sanda kaɗan, da littafin sunayen wurin renon a hannunsu, za su iya warwarewa a makon farko. Wannan shi ne ihu bayan hari: abin da albashin kwana bakwai zai saya a 2007, an biya miliyoyi a kansa a 2013.

Akwai kuma iyakar da kuɗi ba ya tsallakewa. Ɗan sandan Landan ba shi da ikon kama kowa a Fotugal, ba shi da ikon yi wa shaida tambaya da kansa. Duk abin da yake so sai an rubuta takardar roƙo zuwa ga masu shari'ar ƙasar, a jira amsa, wani lokaci watanni. An rubuta irin waɗannan takardu sama da talatin zuwa ƙasashe daban-daban. Wato an ajiye ƙwararrun masu binciken kisa a ofis a Landan suna aikin da mabuɗinsa ke aljihun wata ƙasa.

Wannan kuwa ya zo daidai da shekarun tsuke bakin aljihu. Tsakanin 2010 da 2018 yawan 'yan sanda a Ingila da Wales ya ragu da kimanin 20,000. A watan Maris na 2015 John Tully, shugaban ƙungiyar ƙananan jami'an 'yan sandan Landan, ya ce lokaci ya yi da za a dawo da hankali kan tsaron birnin, domin ba a da ma'aikatan da za a keɓe wa bincike a wata ƙasa. An amsa masa da cewa kuɗin Grange daga wani asusu na musamman na Ma'aikatar Cikin Gida yake fitowa, ba daga kasafin rundunar ba. Gaskiya ne, amma amsar ba ta cika ba. Kuɗi ana iya ƙaro shi da sa hannun minista. Ɗan sandan ciki mai gogewar shekara ashirin ba a buga shi a inji. Kuma a watan Nuwamba na 2016 hukumar da ke sa ido kan ayyukan 'yan sanda ta duba fayil 374 na kare yara a wannan runduna ta Landan, ta tarar 278 daga cikinsu ba a yi musu aikin da ya dace ba. A farkon 2024 hukumar ta sake dawowa ta ce martanin rundunar a kan yaran da suka ɓata sau da yawa ba shi da kyau, har akwai inda jami'ai ke zama jiran yaro ya dawo da ƙafarsa. Yawancin waɗannan yara ba wanda ya san fuskarsu: 'ya'yan gidajen reno ne, 'ya'yan talakawa, waɗanda dillalan ƙwaya ke aikawa wasu garuruwa.

Ƙungiyar agaji ta Missing People ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 170,000 ake kai rahoton ɓatansu a Birtaniya kowace shekara, cikinsu yara sama da 70,000. Wani nazari na Jami'ar Portsmouth ya auna cewa neman mutum ɗaya mai matsakaicin haɗari yana cin kimanin fam 2,400. Idan aka raba kuɗin Grange da wannan, zai biya irin waɗannan sama da 5,000. Masu suka suna yawan kawo wannan lissafi, ni kuwa ina ganin a yi hattara da shi. Mafi yawan waɗanda ke ɓata suna dawowa cikin kwana ɗaya ko biyu. Satar ƙaramar yarinya daga kan gadonta a wata ƙasa abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, kuma idan mai yi yana yawo a sake, kama shi kariya ce ga wasu yaran. Ba a auna ciwon daji da kuɗin maganin mura.

Kwatancin da ya fi ciwo shi ne na Ben Needham, domin shi kusan komai iri ɗaya ne. Yaro ne ɗan wata 21 daga Sheffield, ya ɓata a tsibirin Kos na ƙasar Girka ranar 24 ga Yuli, 1991, yana wasa kusa da wani tsohon gidan gona da kakansa ke gyarawa. Iyalinsa masu ƙaramin ƙarfi ne. Mahaifiyarsa ta shafe sama da shekara ashirin tana roƙo kafin Ma'aikatar Cikin Gida ta ba 'yan sandan South Yorkshire fam 700,000 a 2015, ta ƙara 450,000 a shekarar da ta biyo. Da wannan kuɗi, wanda bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin Grange ba, suka yi tono na mako uku a 2016, suka bayyana cewa a fahimtarsu yaron ya rasu ne a ranar da ya ɓata sakamakon hatsarin motar tono da ke aiki a wurin. Ba a ga gawarsa ba. Direban da ake zaton abin ya faru a hannunsa ya riga ya mutu kafin a yi wannan tono. Da an zo da wuri, da akwai wanda za a tambaya. Yara biyu 'yan ƙasa ɗaya, dukkansu sun ɓata a ƙasar waje. Ɗaya ta jira shekara huɗu, ɗaya ya jira ashirin da uku. Ba a taɓa fito da wata rubutacciyar ƙa'ida da ta bayyana wannan bambanci na ɗan mowa da ɗan bora ba.

Misali ɗaya ya isa ya nuna abin da zuba ma'aikata da wuri ke yi. A watan Fabrairu na 2008 wata yarinya 'yar shekara tara ta ɓata a garin Dewsbury. 'Yan sandan West Yorkshire suka fito da jami'ai sama da ɗari biyu, suka bi gida-gida, aka kashe kimanin fam miliyan 3.2. Bayan kwana 24 aka same ta da rai, a ɓoye a ƙarƙashin gado, a gidan wani ɗan uwan saurayin mahaifiyarta. Aka gano cewa uwar da mutumin ne suka shirya don su ci kuɗin tukuici, kotu ta ɗaure kowannensu shekara takwas. Kuɗi ne mai yawa cikin ƙasa da wata guda, kuma ba wanda ya ce an yi almubazzaranci, domin an kashe shi a lokacin da yake da amfani.

Tun daga 2015 Grange ta koma ƙaramar tawaga mai karɓar kuɗi kashi-kashi: fam 85,000 a wani zubin na 2017, fam 192,000 na shekarar kuɗi ta 2024 zuwa 2025. Gwamnati ta shaida wa majalisa a 2024 cewa jimilla ta kai fam miliyan 13.2, kuma waɗanda suka rage 'yan sanda uku ne da ma'aikaci ɗaya, su ma ba cikakken lokaci ba. Wannan ƙaramin kashi ni ina goyon bayansa, ga kuma dalili. A 2017, bayan kiran da aka yi na cikar shekara goma, bayani ya iso wa tawagar game da wani Bajamushe da ya daɗe yana zaune a yankin Praia da Luz. Da an rufe ofis, da ba wanda zai ɗauki wayar. A watan Yuni na 2020 masu gabatar da ƙara na birnin Braunschweig a Jamus suka bayyana shi, Christian B., a matsayin wanda suke zargi, suka ce suna ɗaukar yarinyar ta rasu. Yana kurkuku a lokacin, an kuma yanke masa hukuncin shekara bakwai kan yi wa wata tsohuwa 'yar Amurka mai shekara 72 fyaɗe a wannan garin a 2005. Fotugal ta ayyana shi arguido a 2022. An yi bincike a madatsar ruwan Arade a 2023, an sake wani kusa da garin a watan Yuni na 2025. A 2024 wata kotun Jamus ta wanke shi daga wasu tuhume-tuhumen lalata da ba su shafi Madeleine ba, a watan Satumba na 2025 kuma ya gama wa'adinsa ya fito. Ya musanta hannu a ɓatanta, kuma ba a tuhume shi a kai ba.

To wa za a riƙe? Laifin a Fotugal aka yi shi, wanda ake zargi yana Jamus, masu binciken na Landan ne, kuɗin na Ma'aikatar Cikin Gida. Rundunar Landan a al'ada ofishin magajin gari take ba bahasi, amma ba shi ya biya wannan aiki ba. Jamus ta ce binciken kisa take yi, Scotland Yard ta ce ita har yanzu neman wadda ta ɓata take yi. Inda alhaki ya rabu gida huɗu, kowa yana da wanda zai nuna da yatsa. Dole a yaba abu ɗaya: mun san waɗannan alƙaluma ne domin 'yan majalisa suna tambaya a rubuce, dole minista ya amsa, kuma dokar 'yancin samun bayanai tana aiki. Amma sanin nawa aka kashe daban, sanin don me aka kashe daban. Duk lokacin da aka nemi bayanin dalili, amsar ita ce bincike yana gudana, kuma doka ta yarda a riƙe sirrin bincike mai gudana. Hujja ce ta gaskiya, domin ba a gaya wa ɓarawo inda aka kwana. Sai dai idan bincike ya haura shekara goma sha huɗu yana gudana, wannan hujja ta zama rumfar da kowane kuskure zai iya fakewa a ciki. Ko takardar da ta fayyace aikin tawagar tun farko, wadda ta ce a bincika lamarin kamar a Birtaniya aka yi satar, ta jawo suka daga tsofaffin jami'ai irin su Colin Sutton, waɗanda ke ganin bita ta gaskiya da farar takarda take farawa. Mark Rowley, mataimakin kwamishina a lokacin, ya amsa a 2017 cewa Fotugal ta riga ta gama da batun iyayen, babu dalilin sake tono shi. Ban ga abin da zai sa a zargi iyayen ba. Amma irin wannan shawara, da duk wata babbar shawara da aka yanke da kuɗin jama'a, kamata ya yi wani na waje ya duba ta ya rubuta hukuncinsa.

Mai karatu a Kano zai iya cewa wannan gardamar masu ƙoshi ce, kuma yana da gaskiyarsa. Mu a nan idan yaro ya ɓata, gidan mai unguwa ake fara nufa, sai masallaci, sai cigiya a rediyo. A watan Oktoba na 2019 'yan sanda suka bayyana gano yara tara da aka sace daga unguwanni irin su Hotoro da Sauna da Yankaba aka kai Onitsha, wasu bayan shekaru, an sauya musu suna da addini. A 2021 kotu ta yanke wa Paul Owne, wanda aka samu da laifin satar yaran, hukuncin shekara 104. An yi aiki, a yaba. Amma iyayen sun daɗe suna kuka kafin a ji su, kuma koke ne da aka saba ji a ƙasar nan cewa mai ƙara shi ke sayen man motar da za a nemo masa ɗansa. Ba al'adarmu ba ce kwamishina ya fito ya ce jami'ai kaza na sa, naira kaza na kashe. Abin da ya cancanci mu ɗauka daga Birtaniya shi ne wannan tilas ta faɗin alƙaluma, da darasin daren farko: babu wani dalili da zai sa a ce wa uba ya je ya dawo bayan awa 24.

Hukuncina a kan Grange shi ne, neman Madeleine daidai ne, kuma ci gaba da ajiye 'yan jami'ai kaɗan da za su amsa waya su yi aiki da Jamus da Fotugal daidai ne. Abin da ba daidai ba shi ne hanyar da aka bi aka ba da kuɗin, da rashin ma'aunin da iyalin Ben Needham ko wani iyali na gobe za su riƙe su ce mu ma haƙƙinmu ne. Gwamnatin Birtaniya ta rubuta ƙa'ida a fili: wane irin ɓatan yaro a ƙasar waje ne ya cancanci tawaga ta musamman, cikin kwana nawa, wa ke jagoranta, bayan wata nawa wani na waje zai duba ko a ci gaba. Kuma duk ranar da aka rufe wannan fayil, da hukunci ko babu, a sa hukuma mai zaman kanta ta bi shekarun 2011 zuwa 2015 dalla-dalla, ta buga wa jama'a abin da fam miliyan 10 na farko ya saya da abin da bai saya ba. Iyayen Madeleine suna da haƙƙin wannan bayani, haka ma iyayen yaran nan da ke cikin fayil 278.